Tsince-Tsincen Ƙarshen Mako

Ga ɗaurin aure, ga kasuwa, ga ƙwallo, ga mai karanta labaran duniya yana jira a murɗa masa, duk a cikin kwana biyu da rabi. A gyara zama, a miƙo shayi.

Hutu ake ce wa ƙarshen mako, amma daga Kano har Maraɗi babu ranar da takalmi ke shan wahala irin Asabar. Magidanci kan fita da katin gayyata uku a aljihu, na ƙarfe goma, na sha ɗaya da na bayan azahar, kowanne a wata unguwa. Zumunci a ƙafa yake, kuɗin mai kuma a aljihu.

Shi ɗaurin auren kansa da wuya ya wuce minti goma: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a faɗi sadaki, a shafa fatiha. Neman wurin ajiye mota da laluben takalmi a ƙofar masallaci su ne masu cin awa guda. Wanda ya makara kuwa ya nemi ango ya ce masa "Allah ya sa alheri", an dai gan shi, magana ta ƙare.

Daren Asabar ɗin biki, fitilar shagon tela ce ta ƙarshen mutuwa a layi. Duk wadda aka ce wa "aiko yaro da yamma" tun ranar Talata ta zo da kanta, ta tsaya a kan ankonta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ana sa maɓalli ranar biki.

Almajiri ya riga ma'aikaci shan hutu, domin a makarantar allo Alhamis da Juma'a ne ake jingine alluna. Ranar Asabar, lokacin da ɗan boko ke miƙa a kan katifa, shi har ya wanke allo ya ɗora sabon rubutu. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

A labarin da ake bayarwa na rijiyar Kusugu ta Daura, macijin nan ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan har gobe, an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa su kurɓa su ɗauki hoto. Yanzu kowace rana Juma'a ce a bakin Kusugu.

Akwai garuruwan da ranar kasuwarsu ta zame musu suna: Talatar Mafara, Larabar Abasawa, Ladin Makole. Baƙo ba ya buƙatar tambayar yaushe take ci. Sunan garin ma kalanda ne.

Ɗan kasuwar dabbobi da kasuwa yake lissafin mako. Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, Lahadi kuma sai ya zaɓa tsakanin Ɗambatta, Mai'aduwa da Illela, don duk ranar suke ci. Jiki ɗaya, kasuwa uku, sai a aika ƙane.

Ranar Lahadi a Ayoru, can arewa da Yamai, a kwalekwale ake zuwa cin kasuwa, da tumaki da buhunan gero da komai. Kogin Kwara a wannan yanki gidan dorina ne, don haka matuƙi ido ɗaya a gaba, ɗaya a ruwa. In mai gida ya leƙo, a ba shi hanya.

A ƙasar Ibo makon gargajiya kwana huɗu ne, Eke, Orie, Afo da Nkwo, kuma har yau da su ake lissafin kasuwannin karkara. Kasuwar da ta ci Asabar a wannan karo, Laraba za ta sake ci. Mai zuwa sarin manja ya riƙe kalanda biyu.

Wanda aka haifa a ƙarshen mako ba ya iya ɓoyewa: Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe, Ladi da Ɗanladi. A Zangon Kumasi sai ka tarar maƙwabtansu Asante ma haka suke yi, Kofi na Juma'a, Kwame na Asabar, Kwasi na Lahadi. Ɗanladi da Kwasi, ku gaisa, takwarori ne ku.

Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ta tsintsiya ce, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe ba zirga-zirga, a share ƙofar gida a yashe kwata. Ruwanda ma ita wannan Asabar ɗin ta ware don aikin gayya, har da gyaran hanya da gina wa marasa ƙarfi ɗaki. Yaran unguwa kuwa sun samu titi fili, sai a kafa duwatsu biyu a fara tamaula.

Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya duk Lahadi yake korar motoci daga manyan tituna masu tsawon fiye da kilomita 120, daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, al'adar da ta faro tun 1974. Masu keke, masu gudu, masu tura jarirai, kowa ya bazama tsakiyar kwalta. Ranar nan mai ƙafa ne sarkin hanya.

Jamus kuwa ta hana manyan motocin kaya da suka haura tan bakwai da rabi hawa titi ranar Lahadi har sai ƙarfe goma na dare, in ban da masu ɗauke da irin su madara da ɗanyen kifi. Yawancin kantuna a rufe, kuma maƙwabci na da ikon kai ƙara in ka tayar da injin yankan ciyawa. Mai injin markaɗe, ka ji inda ba za ka kai sana'arka ba.

A tsibiran Tonga tsarin mulki ne da kansa ya tsarkake Lahadi: ba ciniki, ba wasanni, jiragen fasinja ma ba sa tashi. Wanda ya manta bai sayi gishiri ranar Asabar ba, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Allah ya bar mu da maƙwabcin kirki.

A wasu dogayen benaye na New York inda Yahudawa masu riƙo da addini ke zaune, ranar Asabar na'urar hawa bene kan tsaya da kanta a kowane hawa, don kada wani ya danna maɓalli a ranar da aka hana shi aiki. Mai zama a hawa na ashirin zai gaisa da duk gidan kafin ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaran Suwidin ranar Asabar suke shan alawa, al'adar da ta kafu a shekarun 1950 bayan likitocin haƙori sun nuna cewa tsotson zaƙi kullum ne ke kawo ruɓewa. Yaro ya haɗiye yawu kwana shida, rana ta bakwai a ba shi leda ya zaɓa da kansa. Mai alawar ƙofar makaranta ba zai so wannan labari ya yaɗu ba.

Wannan kuwa sai a Shanghai. Duk Asabar da Lahadi iyaye kan taru a wani lambun shan iska na tsakiyar birni, su buɗe laima su manna mata takarda ɗauke da shekarun ɗansu ko 'yarsu, da tsayi, da albashi, da ko akwai gida, suna neman suruki. Sau da yawa mai shekarun bai ma san an kai shi ba. Gwaggo ta kowa ce, har a Sin.

Ba ko'ina ne Asabar da Lahadi ke tafiya tare ba. Ma'aikacin gwamnati a Brunei yakan huta Juma'a, ya koma ofis Asabar, ya sake hutawa Lahadi. Hutu da ɓargon aiki a tsakiya.

Saudiyya ta daɗe tana hutun Alhamis da Juma'a, sai a 2013 ta matsa zuwa Juma'a da Asabar don ta ƙara samun ranakun hulɗa da kasuwannin duniya. Daular Larabawa ta ƙara gaba a 2022 zuwa Asabar da Lahadi da rabin Juma'a, masarautar Sharja kuma ta ce a ba ta ukun gaba ɗaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Faransa ta taɓa gwada mako mai kwana goma bayan juyin juya hali, daga 1793, hutu sau ɗaya tak a cikinsa. Talakawa suka yi ta ajiye aiki ranar Lahadinsu ta da, har aka haƙura aka dawo wa bakwai a 1802. Ai jiki ma yana da nasa lissafi.

Tarayyar Sobiyet a 1929 ta raba ma'aikata gida biyar, kowane gida da launinsa da ranar hutunsa, don kada injin masana'anta ya taɓa tsayawa. Sai ga miji yana hutu mata na bakin aiki, aboki ya rasa ranar ganin aboki, kuma zuwa 1940 aka mayar da mako mai kwana bakwai. Hutun da ba abokin hira, ai zaman jinya ne.

Mutanen Samowa sun kwanta daren Alhamis 29 ga Disamba 2011, suka wayi gari Asabar 31 ga wata. Ƙasar ce ta tsallaka layin da ke raba kwanakin duniya don ranakunta su dace da na Ostireliya da New Zealand, abokan cinikinta, kuma aka umarci masu ɗaukar aiki su biya ladan Juma'ar da ba ta zo ba. Wannan shi ne abin nema ya samu.

To, mu fita shan iska. Wanda ya hau Dutsen Dala da yamma zai ga Kano a shimfiɗe ta kowace kusurwa, Goron Dutse na kallonsa daga yamma, tantabarun unguwa na shawagi a ƙasa da shi. Hawa da kuri, sauka da rawar gwiwa.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, har yanzu da baba da toka da ruwa take aiki. Zane kan fito daga rijiyar da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa. Gani ya kori ji.

Ruwan Wikki na dajin Yankari yana nan a ma'aunin zafi 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Sai dai gwaggon birin wurin ya san ƙarar leda, ya san ƙofar da ba a kulle ba, ya kuma san baƙon da ya shagala da hoto. Ka shiga wanka da burodinka a gefe, ka fito ka tarar an yi maka sadaka da shi.

A yankin Kure, tafiyar kilomita 60 daga Yamai, ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke yawo a sake cikin gonakin mutane, ba shinge ba waya. A 1996 ba su wuce 50 ba, aka tashi tsaye a kansu har suka haura 600, abin da ya kamata duk mai kishin dajinmu ya yi alfahari da shi. Manomin wake ne kaɗai ke ƙirga su da wata fuska.

Gidan tarihi na Yamai wuri ne da yaro zai ga zaki mai rai da ƙasusuwan dabbobin da suka ɓace miliyoyin shekaru, duk da tikiti ɗaya. A nan aka ajiye gawar bishiyar nan ta hamadar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai ba wata a kusa da ita tafiyar fiye da kilomita 100, amma a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Sahara, malam direba!

A Paga, kan iyakar Gana da Burkina Faso, da ɗan tsako ake kiran kada ya fito daga tafki, baƙo ya tsuguna a bayansa ya riƙe wutsiya a ɗauke shi hoto. Mutanen garin na ɗaukar kadojin a matsayin dangi, ba a kashe su, ba a cin namansu. Murmushin da ke cikin hoton dai, a tambayi zuciya.

La'asar ɗin Asabar ta masu kilisa ce: doki ya sha wanka, sirdi ya sha ado, samari su jera a gefen titi mai mota ya bi a hankali. In aka yi sa'a da hawan angwanci, unguwa ta samu ƙaramar Salla ba tare da an ga wata ba. Dokin aro ma ya san ranar nuna kansa.

A gidan dambe hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan garkuwa, turmi uku ake yi, kuma da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. Wanda aka kashe ya miƙe ya karkaɗe wando, mako mai zuwa ya dawo neman fansa. Makaɗi kuwa ko wa ya faɗi, shi ya ci.

Matasan Zinder da Yamai fada suke kiran majalisarsu, kuma shayinta zagaye uku ne: na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla. Buta 'yar ƙarama a kan gawayi tana iya riƙe mutum goma daga isha'i har tsakar dare. Wanda ya tashi a na farko bai ji ƙarshen gardama ba.

Sai akwatin talabijin. A Ibadan aka fara kunna tasha a Najeriya a 1959, Kaduna ta biyo a 1962, Jos kuma ta riga kowa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Kafin launin ya iso gida-gida, akwai masu manna wa gilashin wata roba mai shuɗi a sama da kore a ƙasa. Mai karanta labarai ya fito da shuɗiyar hula, ba da saninsa ba.

Nijar ta ƙofar aji talabijin ya shigo mata: a 1964 aka fara koyar da 'yan firamare darasi ta akwatin. Yau uwa ke cewa a kashe kallo a ɗauki littafi. A wancan lokaci kallon ne littafin.

Manya na tuna zamanin da tasha ba ta buɗewa sai la'asar, ta rufe da taken ƙasa wajen tsakar dare. Yaran layi duka a tsakar gida ɗaya, wani na waje yana juya eriyar da aka ɗaure a kan gora, na ciki na ihu: "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Mai riƙe da gora shi ya fi kowa aiki, shi ya fi kowa rashin kallo.

Kafin nan kuwa majigi ne: motar gwamnati ta iso gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna yadda ake noman gyaɗa da tsaftar rijiya. Daga baya gidajen silima suka kawo finafinan Indiya tun wajen shekarun 1960, soyayyar da ba ta sake mu ba har yau. Ga shi yanzu jarumin Mumbai na zuba Hausar Kano har da karin magana.

Afirka ta Kudu ba ta yarda da talabijin ba sai 1976, ƙasar Butan da ke tsaunukan Himalaya kuma sai 1999. Aisland tana da shi, amma har zuwa 1987 ba a watsa komai ranar Alhamis, don mutane su fita su ga juna. Ranar ziyara da hatimin hukuma ke nan.

A 1987 an yi wani wasan kwaikwayo na addinin Hindu da ake nunawa safiyar Lahadi a Indiya, wanda kan sa tituna su yi tsit, kantuna su rufe. Wasu har wanka suke yi su rataya wa akwatin furanni kafin a fara. Allah ya kiyaye mai gyaran wuta in ta ɗauke a wannan sa'a.

Norwe ta nuna tafiyar jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Oslo a 2009, awa bakwai cur, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka leƙa. A 2013 suka yi dare guda a kan itacen wuta, har masu kallo suka rabu biyu kan ko ɓawon icce sama zai kalla ko ƙasa in ana jerawa. Inda ranka ka sha kallo.

Wani rimot da aka ƙera a Amurka a 1955 da hasken tocila yake aiki, ka haska kusurwar akwatin ya canja tasha. Matsalar ita ce rana ma ta iya haskawa, in ta leƙo ta taga sai ta zaɓa wa mutanen gida abin kallo. A yawancin gidajenmu dai ƙaramin yaro ne rimot, kuma ba ya cin batir.

Ga wadda 'yan gidan kallo za su so. A Ingila an hana nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada ƙananan kulob su rasa 'yan kallo a filayensu. Wato wasan ƙarfe uku da ake bugawa a Manchester, mai zaune a benci a Fagge yana ganinsa, mutumin da ke bayan filin kuwa sai dai rediyo. Naira kaɗan, gata mai yawa.

Shi wannan wasa na ƙarfe uku, wani lokaci uku yake zuwa mana, wani lokaci huɗu. Turawa ne ke tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, namu kuwa yana nan inda yake. Mai rubuta allon gidan kallo ya fi kowa sanin wannan ilimi.

Maroko ma tana taɓa agogo, amma don azumi: in Ramadan ya zo sai a ja shi baya da awa ɗaya, bayan Salla a mayar. Rana ba ta san an yi ba, lokacinta na faɗuwa yana nan. Ido ne dai ke samun sauƙi in ya kalli bango.

Hoton da dish ke kamawa sai ya hau sama kusan kilomita 36,000 zuwa tauraron ɗan'adam sannan ya sauko, na waya ta intanet kuma ya fi shi jinkiri. Shi ya sa ihun "ta shiga!" ke tsallako katanga alhali a wayarka ɗan wasan bai ma ajiye ƙwallon ba. In kuma hadari ya haɗo, hoton ya daskare a daidai bugun fanareti.

Ranar 4 ga Yuli 1990, da aka tashi daga wasan Ingila da Jamus ta Yamma na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya, Ingilawa suka miƙe gaba ɗaya suka kunna butar shayi, buƙatar lantarki ta yi tsalle da megawat 2,800. Har yau injiniyoyin wutar ƙasar kan sa ido a kan jadawalin talabijin don su shirya wa irin wannan. Baƙin ciki ma da shayi suke korarsa.

A Nijar in kokawar takobi ta zo, wadda aka faro a Tawa a 1975, jihohi takwas kowace ta kawo zaratanta goma, rediyo da talabijin su koma fili ɗaya. Ofis ya yi shiru, tasha ta yi shiru, mai shago ya ba ka canji idonsa na kan akwati. Ƙirga kuɗinka da kyau, ɗan jiharsa ne a ƙasa.

Labaran duniya kuwa, Bahaushe ya daɗe da sa kunne. London ta fara magana da Hausa a 1957 da shirin minti 15, Jamus da Sin suka shigo a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. Shi ya sa mai faci a bakin titi zai warware maka rikicin wata ƙasa har da sunan ministanta.

Gajeren zango na da dalilinsa na tafiya nesa: muryar kan haura sama ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa, rufin kuma yana sauyawa tsakanin dare da rana. Abin da ya sa ke nan tasha ɗaya take da mitar safe daban, ta dare daban. Dattijo ya san wurin kowacce ko a duhu, da ɗan yatsa kawai.

Labari ɗaya, agogo uku: mai sauraro a Akara na jin sa ƙarfe bakwai, na Kano da Yamai da Njamena da Garwa ƙarfe takwas, na Khartum ƙarfe tara. Da an gama kuma sai filin gaishe-gaishe, inda kati ɗaya ke ɗaukar sunan mutum talatin. A gaida mai shayin bakin tasha, da duk wanda ya san ni.

Jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta sa farashinta a cikin sunanta, ta kuma gaya wa mai saye cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin daraja. Kwafi ɗaya kan zagaya zaure, mai karatu ɗaya, masu sauraro goma. Kwabon ya tafi, maganar tana nan.

Wata jaridar Lahadi ta New York ta fito a Satumbar 1987 da shafi 1,612, nauyinta ya haura kilo biyar. Yaron da ke rabawa gida-gida ya san ya yi aiki a ranar. Mai tsire da ya samu kwafi ɗaya ya huta sayen takarda har wata ya mutu.

Ranar Juma'a 18 ga Afrilu 1930, mai karanta labaran dare a rediyon London ya shaida wa masu sauraro cewa yau babu labari, aka sa kiɗan piyano ya cike lokacin. Editocin sun duba ne suka ga ba abin da ya isa a faɗa. Allah ya maimaita mana irin wannan rana.

A da labari da ƙafa yake tafiya, ko da fiffike. A 1850 akwai giɓin wayar tangaraho tsakanin Brussels da Aachen, sai wani ɗan kasuwar labarai ya sa tantabaru suna kai farashin hannun jari cikin awa biyu, tafiyar da jirgin ƙasa ke yi a awa shida. Ladan ma'aikaci: tsabar hatsi.

Jinkirin labari ya taɓa jawo asarar rayuka. An sa hannu kan sulhu tsakanin Amurka da Ingila ranar 24 ga Disamba 1814 a Turai, amma takardar na cikin jirgin ruwa lokacin da sojojinsu suka gwabza a New Orleans ranar Lahadi 8 ga Janairu 1815. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saukar ɗan'adam a kan wata ranar Lahadi ce, 20 ga Yuli 1969, kuma kimanin mutum miliyan 600 suka kalla. Amma lokacin da aka taka ƙafar farko, a Kano ƙarfe huɗu saura ne na daren da zai wayi Litinin. Ladan na shirin kiran assalatu, wani na yawo a kan abin da muke dubawa don Salla.

Hukuma na son ƙarshen mako in za ta yi babban sauyi. Ranar Lahadi Suwidin ta koma tuƙi a hannun dama a 1967, ranar Lahadi Najeriya ta yi nata, 2 ga Afrilu 1972, don ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar, Gana ma Lahadi ta zaɓa a 1974. Titi ba kowa, kuskure ba tsada.

A Amurka in banki ya durƙushe, an fi rufe shi da yammacin Juma'a bayan an tashi, a kwana biyu ana lissafi, Litinin ya buɗe da sabon suna a goshi. Mai ajiya ya je ya tarar da ma'aikatan jiya a kujerunsu. In kiɗa ya canja, allon ƙofa ma ya canja.

Zaɓe ma kowa da ranarsa: Najeriya Asabar, Nijar da Faransa Lahadi, Birtaniya Alhamis. Amurka ta tsayar da Talata tun 1845, saboda manomi na coci ranar Lahadi, yana kan keken doki ranar Litinin, Laraba kuma ranar kasuwa ce. Dokin ya yi ritaya, Talatar na nan.

Ita kanta Najeriya ranar Asabar ta karɓi 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, Nijar da Gana kuwa duk Laraba suka samu nasu. Da ƙasa ake raɗa wa sunan rana, da mun san abin da za mu kira su. Asabe da Larai biyu, Allah ya raya.

Masu sana'ar hannu na Ingila a ƙarni na 18 da na 19, musamman masaƙa da masu ɗinkin takalma, sun saba ƙin fita aiki ranar Litinin, har suka naɗa mata waliyyi don wasa. Masu masana'antu sun sha fama kafin su saye ta da rabin ranar Asabar, daga nan hutun kwana biyu ya samo hanya. Wanda ya makara ranar Litinin, ya sani yana da magabata.